Wasan da Yaya Isiyaku Bai Ƙarasa Ba

Shekara goma sha tara ke nan da aka fitar da Yaya Isiyaku daga gidanmu na Gadarif aka kai shi makwancinsa. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Idan watan ya zagayo sai in dafa abinci in aika wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in koma harkokina. Bana ma da hakan zan yi, ba don Ustaz Salihu ya shigo mini tsakar gida da sandarsa da farin rawaninsa, yana neman abin da ni kaɗai na rage da shi a duniya ba.

Sunana Rakiya, ƙanwar mamacin uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare ce ni har na ajiye aiki. Shi kuwa Yaya, ga waɗanda ba su san shi ba, kuma yanzu su ne suka fi yawa, mai shirya wasan kwaikwayo ne da Hausa. Ba a wani babban zaure yake yi ba. A filin unguwa yake yi, da harabar makaranta, da kambo, wato sansanin masu yankan riɗi, idan kaka ta yi. Ni ce mai ɗinka wa ƙungiyarsa kaya, don keken ɗinkin Inna yana hannuna. Wasansa na ƙarshe, Mai Gadin Hafir, bai kai ƙarshe ba, jami'an tsaro suka tsayar da shi a tsakiya suka tafi da Yaya. To yanzu an kafa kwamiti wai za a karrama shi, za a sake yin wasan a zauren gari, kuma Salihu ne shugaban kwamitin. Sai dai ba wanda ya san yadda wasan yake ƙarewa sai ni. In na yi shiru, ya mutu tare da ni. In na buɗe baki, na miƙa shi ga mutumin da ya miƙa ɗan'uwana. Wannan ne ya hana ni sukuni tun ranar da ya zo.

Za ku ce yaya aka yi wasa guda ya zama a bakin mace ɗaya. Halin Yaya ne. Ba ya rubuta wasa, ko kaɗan. A zamanin mulkin soja na lokacin, duk abin da aka rubuta sai an kai ofis an duba, kuma abin da ya shiga ofis ɗin nan ba ya fitowa da ƙafafunsa. Sai Yaya ya ce shi ba shi da takarda, a kansa wasan yake. Yakan tara 'yan wasa a rumfar gidanmu bayan la'asar, ya ba kowa nasa da baki, a yi ta maimaitawa har ya zauna. Ƙarshen wasa kuwa ba ya faɗa wa kowa. Sai ranar, a ɗan hutun da ake yi a tsakiya ana raba ruwa, ya ja wanda ƙarshen zai faɗa a kansa gefe ya raɗa masa. 'Yan wasa suna ƙorafi, shi kuma ya ce abin da mutum bai sani ba ko an rataye shi ba zai faɗa ba. Muna dariya lokacin, don mun ɗauka zolaya ce.

Tun da ba takarda, sai hukuma ta riƙa turo mutum ɗaya daga 'yan amni, wato jami'an tsaron nan masu fararen kaya, ya zauna ya kalla. Ana ajiye masa kujera a gaba, a kawo masa shayi. Ba ya jin Hausa, don haka dole wani namu ya zauna kusa da shi yana mayar masa da Larabci. Wannan aikin Salihu ne, abokin Yaya tun suna makarantar allo, wanda ya ci tuwon Inna har ya san inda take ɓoye man shanu. Ni kaina Yaya Salihu nake ce masa. Larabcinsa kamar an haife shi a bakin kogin Nilu, ga shi da fuskar mutanen kirki. Ɗan wasa zai tsaya a dandamali ya ce, "Kai mai gadi, tsaron ruwan aka ba ka ko gadonsa ka ci?" Fili ya ɗauka da shewa. Jami'i ya juyo, Salihu ya sunkuya ya ce masa, "Yana yi masa sannu da aiki ne, amma da irin maganar ƙauye." Sai jami'in ya yi dariyarsa shi kaɗai bayan kowa ya gama. Shekaru muna haka, har alfahari muke yi da shi.

Nan ne wautarmu take, kuma wauta ce irin tamu. Mun ɗauki Hausa tamkar ɗakin uwa, wanda baƙo ba ya shiga. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar aikin hajji, suka yada zango a ƙasar nan, suka yi noma suka hayayyafa, kuma tun daga lokacin abin da muka gada shi ne, da Larabci ake magana da hukuma, da Hausa ake faɗin gaskiya. A kasuwa mace za ta zagi ɗan sanda a gabansa da Hausa tana murmushi. Ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa ɗan unguwa zai ɗauki maganar cikin gida ya kai waje ba. Ba wai mun auna abin muka ga ba zai yiwu ba ne, a'a, tunanin ma bai taɓa zuwa mana ba.

Shi wasan, labarinsa ba wuya. Hafir shi ne babban tafkin da ake haƙawa don tara ruwan damina, kuma duk ɗan Gadarif ya san abin da ruwa yake nufi idan rani ya tsaya. Mutanen wani ƙauye sun haƙa nasu da hannunsu, suka ɗauki ɗaya daga cikinsu ya riƙa kore dabbobi. Sai ya kewaye tafkin da ƙaya. Sai ya sa ƙofa. Sai ya samo kakin soja da ya yi masa yawa, ya sa kwaɗo a ƙofar ya kulle. Mai jego ta zo, makiyayi ya zo, liman ya zo neman na alwala, kowa sai ya yi masa jawabi a kan muhimmancin ruwa ya sallame shi da jarkarsa ba komai. Yaya ba ya yarda da kayan ƙarya a wasa, saboda haka kwaɗon na gaske ne, sabo, daga kasuwa ya sayo shi. Ko yaron goye ya san wane ne mai gadin nan.

Kwana kaɗan kafin ranar, Yaya ya same ni ina kan keke, ya miƙo mini makullin kwaɗon. Ya ce in naɗe shi a ƙyalle don kada ya yi ƙara, in ɗinke shi a cikin kalmasar sabuwar jallabiyar da nake yi wa Salihu. Dama al'adarmu ce duk sabon wasa in yi wa mai fassara sabuwar riga, tun da shi ne zai zauna kusa da baƙo. Na ce, "Yaya, wannan kuma wane sabon salo ne?" Ya ce ba ruwana. Na cire ƙafata daga kan keken na ce wallahi allurata ba ta shiga inda ban sani ba. Da ya ga da gaske nake, ya ja kujera ya zauna, ya karya dokarsa sau ɗaya tak a rayuwarsa ya faɗa mini ƙarshen wasan. Na ɗinke makullin, Salihu ya zo ya karɓi rigarsa yana ta yaba ɗinkin.

Ranar wasan filin bayan unguwa ya cika tun kafin a sallame la'asar. Har daga Shuwak mutane suka zo a bayan lori. Ina bayan labule da allura da zare a hannu, ina leƙe ta inda zannuwa biyu suka haɗu. Abin da na fara lura da shi shi ne jami'in bai taɓa shayinsa ba. Na biyu, bakin Salihu ba ya hutawa. Da can ɗan wasa zai yi dogon bayani, shi ya taƙaita shi a kalma biyu. Ran nan kuwa duk tsawon maganar da aka yi a dandamali, haka nasa bakin yake tafiya a kunnen mutumin. Jama'a suna dariya, jami'in bai yi ba, ko a makare. Na ja hannun Yaya na nuna masa. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mini, "Ƙila tambayoyi ya yi masa yawa." Ya shiga ya ci gaba da wasansa.

Ba a kai ga hutun raba ruwa ba. Jami'in ya ɗaga hannu, sai ga mota ta kunno kai ta bayan makaranta, ashe tun tuni tana nan. Ba su yi hayaniya ba, ba su daki kowa ba a wurin. Sun hau dandamali suka kama Yaya da kayan wasa a jikinsa, aka ce kowa ya watse. Mutane suka watse kuwa, har da masu barin takalma. Salihu yana zaune a kujerarsa bai motsa ba, cikin farar rigar da na ɗinka. Ni na naɗe labule, na tattara jarkoki, na ciro kwaɗon tare da ƙarfen da yake maƙale na kawo gida.

Watanni Yaya ya yi a hannunsu. Ba mu san inda yake ba, Inna ta yi ta yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan har ƙafafunta suka kumbura. Da ya dawo kunnensa na hagu ya daina ji, kuma ba ya iya daɗewa a tsaye. Bai taɓa ba mu labarin abin da aka yi masa ba. Abu ɗaya ya faɗa mini: sun maimaita masa maganganun da ya yi a rumfar gidanmu lokacin bita, waɗanda ma ya cire bai sa a wasan ba. Ba kowa a rumfar nan sai 'yan ƙungiya. Kafin ya dawo kuwa, Salihu ya samu jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa da ya yi shekaru yana nema ana ce masa ya kawo shaidar kakansa, alhali kakan nasa yana kwance a maƙabartar Hawata. Bayan takardar kuma sai ga kujera a ofishin al'adu.

Ba zan ɓoye ba, na san zafin rashin takardar nan. Mutum an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, amma ɗansa ba zai zauna jarrabawa ba, shi ba zai samu aiki ba, kullum ana tambayarsa daga ina. Da wannan suka riƙe maƙogwaron mutanenmu da yawa. Na sani, kada wani ya zo ya koya mini. Amma Yaya ma ba shi da ita a lokacin, kuma bai sayar da kowa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba Salihu ba ne, mu ne. Dattawan unguwa suka taru suka kira Yaya, ba don su tambaye shi kunnensa ba, sai don a rufa asiri. Wai mu 'yan tsiraru ne, bai kamata a ji kanmu a waje ba, wai ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Ya miƙa! Har ya rasu, idan suka haɗu a jana'iza shi yake fara yi masa sallama. Na yi faɗa da shi a kan haka har Inna ta shiga tsakani. Na ce to bari in je in farke rigar in karɓo makullina. Ya karkato kunnensa mai ji, ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Bar masa, Rakiya. Kuma kada ki faɗa masa ina raye." Waɗanda suka cika fili suna shewa kuwa, in suka hango Inna a hanya sai su sauya layi. Wasu daga cikinsu na ga sunayensu a kwamitin karramawa.

An hana Yaya wasa, an hana shi koyarwa, ba mai ɗaukarsa aiki a gari. Sai ya bi ma'aikatan kaka zuwa gonakin Fashaga yana yankan riɗi, mutumin da ba ya iya daɗewa a tsaye. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce ko a can bai daina ba, idan an zauna cin abincin rana sai ya tashi ya kwaikwayi tafiyar wakilin gona har mutane su ƙware. Daga can ya kwaso ciwon nan na kalazar mai kumbura saifa. Aka dawo da shi kwance a bayan tarakta, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Bai kai damina ta gaba ba, Allah Ya ji ƙansa.

Nakan tambayi kaina da zai leƙo yau me zai ce. Waɗanda suka kama shi sun tafi, wasu suka zo, su ma suka tafi, kakin dai bai taɓa yin nisa da kujera ba. Ruwa har yanzu jaki ne yake kawo mana shi a ganga, in ka ji ƙarar karo, wato amalanken jakin, a layi ka fita da gudu. Filin da ya yi wasansa an yanka shi an gina shaguna. Yaranmu suna yin nasu wasannin a waya, gajeru, wasu shirme zalla, wasu kuwa da zafi har ina jin tsoro a madadinsu, kuma na san aƙalla gida ɗaya da aka zo aka tafi da ɗansu saboda haka. Ina jin da waɗannan yaran zai zauna, ya yi musu faɗa a kan sauri, ya koya musu yadda ake jan numfashi kafin a saki maganar da za ta yi ciwo. Ɗakin uwar nan da muke taƙama da shi kuwa ya daɗe da rasa ƙofa, yanzu a cikin 'yan amnin ma akwai 'ya'yan unguwa. Kwamitin karramawa kuwa, na rantse da Yaya yana nan da wasa guda zai yi a kansu, kuma da sun zauna a sahun gaba suna tafi ba su gane ba.

To ranar da Salihu ya zo, na shimfiɗa masa tabarma a rumfar nan dai, na ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta, don baƙo baƙo ne ko wane ne. Ya tsufa ƙwarai, na miƙa masa finjali.

"Hajja Rakiya," ya ce, "da can Yaya Salihu kike ce mini."

Na ce, "Da can ke nan, Ustaz."

Ya yi bayanin kwamiti, da zaure, da manyan baƙi. Ya ce ya tambayi duk 'yan ƙungiyar da suka rage, kowa ya ce bai san ƙarshen ba, sai wata tsohuwa ta ce a tambaye ni. Na bar shi ya gama. Sannan na yi masa tambayar da na riƙe tun ina da baƙin gashi: me ya sa? Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi. Ya ce sun kira shi tun kafin wasan, suka ce sun gane abin da yake yi, kuma sun ajiye wani mai jin Hausa a cikin taron, idan ya rage kalma ɗaya su biyu za a kwashe. Na ce to maganganun rumfa fa, su ma akwai mai jin Hausa a kan katanga? Ya sunkuyar da kai yana juya finjali.

Wallahi na yi niyyar in sallame shi haka. Amma na dubi rumfar, na tuna ba ni da tabbacin ganin baɗi, kuma wasan ba nawa ba ne da zan tafi da shi kabari. Sai na faɗa masa, kamar yadda zan faɗa muku yanzu.

Bayan hutu, mutanen ƙauye za su taru a ƙofar hafir, ƙishi ya kai su bango. Mai gadi zai laluba aljihunsa ya ce makulli ya ɓace, sai a jira umarni daga sama. Sai Yaya, da yake fitowa a tsohon makaho, ya juya wa dandamali baya ya fuskanci 'yan kallo ya ce, "Jama'a, duk yawan nan naku ba mai makulli?" Ya sauko yana lalube, ya ratsa mutane, ya tsaya a gaban mai fassara ya ce, "Ɗan'uwa, taɓa gefen rigarka." Mai fassara ya farke kalmasa, makulli ya faɗo. Ya tashi daga kusa da mutumin hukuma, a gaban idonsa, ya hau ya buɗe ƙofar. Shi ke nan wasan, ba jawabi, ba waƙa. A hutun raba ruwa Yaya zai raɗa masa, in ya yarda a yi, in bai yarda ba makahon ya koma ya zauna a bakin ƙofa a rufe labule.

Salihu ya ajiye finjali. Ya ce, "Ai da ni za su kama."

Na ce, "Ya sani, ni ma haka na ce masa. Ya ce a duk Gadarif kai kaɗai ne ya tabbata za ka tashi."

Sai ya sa hannu ya shafa gefen rigar da take jikinsa, kamar ita ce waccan. Ya ce ya ji abin nan mai tauri tun ranar, amma ya ɗauka laya ce Inna ta sa na ɗinke masa, kamar yadda take yi wa Yaya in zai yi tafiya. Ya ce bai taɓa farkewa ba, don ba a buɗe laya. Duk ranar da za a kira shi ofishin 'yan amni, ita yake sawa. Ranar da ya je karɓar jinsiyya ma ita ya sa. Ya sa ta har ta mutu, iyalinsa ta mai da ita tsumma, daga baya aka zubar. Ya ce, "Na ɗauka ita take tsare ni." Hawaye suna bin gemunsa, ni kuwa na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya, sai na tashi na rage wutar jabana.

Da labarin ya tsaya nan, da ban rubuto muku ba. Da na ce tsoho ya yi nadama, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Amma bayan mako guda ya dawo, idonsa a bushe, ya ce kwamiti ya zauna. Sun ji daɗin ƙarshen ƙwarai, sai dai za a ɗan gyara. Tun da manyan gari za su zauna a gaba, bai dace a ce wani ya tashi daga cikinsu ya farke riga ba, za a iya yi masa wata fahimta. Saboda haka mai gadin ne zai yi nadama, ya ciro makulli daga aljihunsa ya buɗe da kansa, jama'a su yi masa godiya. Ya ƙara da cewa in ba zan damu ba, suna son aron kwaɗon na asali a ajiye a kan tebur don tarihi.

Kai jama'a! Na ce, "Ustaz, har yanzu fassarar kake yi?" Ya ce in fahimta, zamani ne, gara a yi rabi da a fasa. Na ce ya tashi ya ba ni tabarmata.

Shi ya sa na rubuta. Ban ce kada ku je ba. Ku je, ku zauna, ku sha lemon da za a raba, ku ji ana kiran Yaya gwarzo daga bakin waɗanda suka sauya layi don kada su gaida uwarsa. Amma idan mai gadi ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, ku sani ba Isiyaku ne ya shirya wannan ba. A wasan Isiyaku mai gadi ba ya tuba. Wani ne daga cikin masu kallo yake tashi. Yanzu ƙarshen ya fita daga bakina ya shiga na kowa, duk yaron da yake da fili ko waya da ƙarfin hali ya ɗauka ya yi, ba sai ya nemi izinina ba, balle na kwamiti.

Me ya rage na Yaya? Ba hoto mai motsi, ba murya a kaset, ba takarda ko ɗaya, shi da kansa ya tabbatar da haka. Akwai tsofaffi a unguwa da har yau in mai karo ya makara sai su ce ko mai gadi ne ya riƙe shi, su yi dariya, jikokinsu ba su san daga ina maganar ta fito ba. Akwai ni, da haushin da na kasa haɗiyewa, na mutumin da ya yarda da abokinsa fiye da yadda abokin ya yarda da kansa. Wani lokaci in ce wauta ce, wani lokaci in ce ita ce kaɗai abin kirkin da na gani da idona a zamanin nan. Allah Ya sa ya huta, Ya ba shi ruwan da ba a kullewa.

Kwaɗon kuwa ban ba su ba. Su je kasuwa su sayi sabo mai makulli biyu. Nawa yana rataye a jikin keken Inna, ya yi tsatsa, kuma har yau a kulle yake.